Waƙar da Iyayenmu Suka Bar Mana

Karatu: Afisawa 5:18-20

Ƙaunatattu cikin Ubangiji, kowace Lahadi muna buɗe baki muna raira yabo da Hausa, amma kaɗan ne daga cikinmu suke tambaya inda waƙoƙin nan suka fito. Bari mu waiwaya baya kaɗan, gama waiwaye adon tafiya ne.

A shekarar 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da niyyar kawo bishara ƙasashenmu na arewa. Kafin ƙarshen 1894 biyu sun rasu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Duk da haka aikin bai mutu ba. A 1904 Karl Kumm da abokansa suka iso Wase, a 1905 Likita Miller ya zauna a Zariya, a 1923 kuma aka yi sujada ta fari a gindin tsamiya a Garkida.

Masu bi na farko sun fito daga kabilu da yawa, kowa da harshensa. Hausa ce ta haɗa su. 'Yan mishan tare da malamai 'yan ƙasa suka juya waƙoƙin Turai zuwa Hausa, aka tattara su cikin Littafin Waƙoƙi. A 1932 Littafi Mai Tsarki ya fito dukansa da Hausa. Amma muryar waƙoƙin ta baƙi ce, sau da yawa ba ta bin hawa da saukar maganarmu. Ganga kuwa, a wurare da yawa an hana ta shiga majami'a, domin an saba jinta a wurin tsafi da wurin shan giya. Kada mu yi saurin ganin laifinsu. Waɗansu sababbin tuba da kansu suka ƙi ta, don tana tuna masu da abin da suka baro.

Sa'an nan Allah ya yi aiki ta hannun iyayenmu mata. Da yawa cikinsu ba su shiga makaranta ba, ba su iya riƙe littafi su bi layi ba. Sai matan Zumunta suka ɗauki labarin da suka ji a wa'azi suka sa shi cikin murya irin ta gida, ɗaya tana bayarwa saura suna amsawa, ana buga tulu ana kaɗa gora. Tulun da ake ɗebo ruwa da shi ya zama kayan yabo. Ta haka labarin Yusufu da na Ɗan Ɓatacce suka shiga gidajen da fasto bai taɓa takawa ba. A shekarun 1960 aikin Sabon Rai Don Kowa ya tashi daga Jos, mawaƙansa suka bi ƙauyuka da ganguna. Rediyon ELWA, wanda ya fara a Laberiya a 1954, da Muryar Bishara, wadda aka riƙa watsawa daga Adis Ababa daga 1963 zuwa 1977, suka kai yabon Hausa har Nijar da Kamaru da Chadi.

An kuwa gwada waƙar nan da wuta. A Afrilu 2014 aka sace 'yan matan Chibok, yawancinsu 'ya'yan EYN ne. A Oktoba na wannan shekara aka mamaye hedkwatar ekklisiyar a Kwarhi. Amma a 2015 mawaƙan Zumuntar Matan EYN suka zaga majami'u a Amurka suna yabon Allah, alhali hawayensu bai bushe ba. Wannan ya tuna mana da Bulus da Sila, waɗanda suka raira yabo da tsakar dare a kurkukun Filibi, ƙafafunsu cikin turu.

'Yan'uwa, me tarihin nan yake koya mana? A cikin ayoyin da muka karanta, Manzo Bulus ya fara da cika da Ruhu, sa'an nan ya zo kan waƙa. Tulun da aka cika shi ne yake tumbatsa. Yau a ekklisiyoyinmu ana gardama, dattawa suna riƙe da littafi, matasa suna son jita da lasifika, har waɗansu suna ƙauracewa sujada. Iyayenmu sun yi irin wannan gardama a kan ganga, Ubangiji kuwa ya karɓi littafin ya karɓi tulun, domin zuciyar da ta miƙa su tasa ce. Mai waƙar da yake gaba da ɗan'uwansa, ko muryarsa ta kai ta kanari, amonsa bai wuce rufin majami'a ba.

Saboda haka kafin mu tashi waƙa ranar Lahadi mai zuwa, bari kowa ya binciki zuciyarsa. Mu koya wa 'ya'yanmu tsofaffin waƙoƙin, mu kuma saurari sababbin nasu da haƙuri.

Addu'a: Ya Uba, mun gode domin waɗanda suka riga mu yabonka cikin wahala. Ka cika mu da Ruhunka Mai Tsarki, domin abin da bakinmu yake rairawa ya zama gaskiyar zuciyarmu. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.