Masaukin dawakin Sallah a Dutse

Masaukin dawakin Sallah wuri ne da hakiman masarautar Dutse, a jihar Jigawa, ke sauka da dawakinsu idan sun zo Hawan Sallah, ranar 1 ga Shawwal da 10 ga Zulhajji. Hakimai daga garuruwa irin su Birnin Kudu, Kiyawa, Jahun da Gwaram sukan iso kafin ranar idi.

A masauki ana kafa wa kowane doki turkensa, nesa da na kusa, domin ingarmu na faɗa da juna. Ana ba su harawa, dusa, dawa da kanwa, masu kula da su kuma su kwana a gefensu. Dokin da bai samu ruwa da hutu ba yakan gaza kafin ayari ya isa fadar Garu.