Elmina: Garin Da Aka Rusa A Yini Ɗaya

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu, bara ne ofishinmu ya tura ni kwas ƙasar Gana, na samu damar zuwa Elmina. A aji uku an koya mana labarin ganuwar da Turawan Fotugal suka gina can a bakin teku a 1482, da yadda mutanen Holan suka ƙwace ta a 1637, da bayin da aka riƙa tsarewa a cikinta. Amma ba na tuna an taɓa ambata mana garin da ke gindinta. Da na tambayi mai yi mana jagora ina tsohon garin yake, sai ya nuna mini wani fili.

Ga yadda abin ya faru. A 1872 Holan ta miƙa wa Ingila ganuwar ba tare da yardar mutanen gari ba. Su kuwa tsofaffin abokan Asante ne, Ingilishi kuma suna tare da Fante, abokan gabarsu. Sarkin garin, Kobina Gyan, ya ƙi yin mubaya'a, aka kama shi aka kai Saliyo. Da rundunar Asante ta matso bakin teku, sai Turawa suka ba unguwannin da ke bayan Asante wa'adi su miƙa makamansu. Ba su miƙa ba. Ran 13 ga Yuni, 1873, aka buɗe wa garin wuta da igwa daga ganuwa da kuma jiragen ruwa, ya ƙone ƙurmus. Aka hana sake gini a wurin, mutane suka koma ƙetaren ruwan Benya. Sarkin bai dawo gida ba sai 1894.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, cikin waɗanda suka yi wa Turawa yaƙi a ranar akwai dakarun Hausa da aka kawo daga Ikko. Asalinsu ƙungiyar da Glover ya kafa a 1863, wadda sojan Nijeriya ke ƙirga tarihinta daga gare ta. Da yawansu bayi ne da suka gudo, kuma ba duka ne Hausawa ba, harshen ne ya haɗa su.

Mu mutanen Zuru, da wuya ka sami gidan da ba soja. Kakana ya je Bama, yayana ma kaki ya sa. Na daɗe tsaye a filin nan ina lissafin inda sana'ar gidanmu ta faro, har direba ya yi mini oda sau biyu.