Kalmar "Bless": Ma'anarta, Asalinta da Yadda Ake Amfani da Ita

"Bless" aikatau ne na Turanci da ake yawan ji a majami'u, musamman inda ake wa'azi da Turanci ana juyawa zuwa Hausa. An saba fassara ta da "sa albarka", amma ba ko'ina wannan fassarar take dacewa ba.

Asalinta

A tsohon Turanci ana cewa "bledsian", daga "blod", wato jini. Kafin bishara ta isa Ingila, mutanen ƙasar sukan yayyafa jinin hadaya a kan bagadi domin su keɓe shi ga allolinsu, wannan aikin ne kalmar take nufi. Bayan Agustin ya sauka a Kent a shekara ta 597, Kiristoci suka ɗauki kalmar domin fassara "benedicere" ta Latin, ma'ana faɗin alheri game da wani. Ita kuma ta Latin tana tsaye ne a madadin "barak" ta Ibrananci, 'yar'uwar "baraka" ta Larabci, inda Hausa ta samo "albarka". Daga baya kamanninta da "bliss", wato matuƙar farin ciki, ya jawo ma'anarta wajen jin daɗi, ko da yake tushensu ba ɗaya ba ne.

Yadda ake amfani da ita

Abin dubawa shi ne wa yake yi, kuma wa ake yi wa. In Allah ne yake yi wa mutum, sa albarka ke nan. In mutum ne yake yi wa mutum, roƙa masa alheri ne. In an yi a kan abinci ko gini, keɓewa ce tare da godiya. In kuwa mutum ne yake yi wa Allah, kamar a Zabura ta 103 cikin fassarar King James ta 1611, yabo ake nufi, gama mutum ba ya ƙara wa Allah kome. Mai fassarar da ya ce "sa albarka" a nan zai rikitar da masu sauraro.

"Blessed" tana da lafazi biyu: "blest" ga aikin da ya wuce, "blesid" in siffa ce. Turawa kuma sukan ce "bless you" ga wanda ya yi atishawa, al'ada ce kawai.

A Turancin Najeriya wasu sukan ce "bless me" suna nufin a ba su kuɗi. Wannan ƙuntata kalmar ne, domin tun asali zancen keɓewa ga Allah da faɗin alheri take ɗauke da shi.