Cibiyar Yamai da Ta Ɗauki Tarihi Daga Bakin Dattawa

A shekarar 1964 hukumar UNESCO ta ɗauki aniyar rubuta cikakken tarihin Afirka, sai masana suka ci karo da matsala tun kafin a ɗora alƙalami. Yawancin takardun da ke ajiye Turawan mulkin mallaka ne suka rubuta su, kuma abin da idonsu ya gani kaɗai suka faɗa. Sauran tarihin yana cikin kawunan dattawa da maroƙa da makaɗan fada, waɗanda mutuwa ke ɗauka ɗaya bayan ɗaya.

Wannan damuwa ce ta haifi cibiyar tattara tarihin baka da aka kafa a Yamai a 1968, da haɗin gwiwar gwamnatin Nijar da UNESCO. Boubou Hama, shugaban majalisar dokokin ƙasar a lokacin, ya tsaya mata tsayin daka. Malamin makaranta ne tun asali, marubuci kuma, ya san darajar abin da tsofaffi ke riƙe da shi. A 1974 Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta karɓi cibiyar, ta koma CELHTO, sunan da take amsawa har yau a ƙarƙashin Tarayyar Afirka. Masanin zamantakewa Diouldé Laya ya shugabance ta shekaru masu yawa.

Aikin ba na mai gaggawa ba ne. Mai bincike zai sauka gari da rakodarsa, ya fara da gaisuwa a fada, ya jira har dattijo ya saki jiki da shi. In ya dawo, sai ya zauna yana mayar da zaren kaset baya, yana rubuta kowace kalma da harshen da aka faɗe ta, kafin a fassara zuwa Faransanci. Magana ta sa'a guda kan cinye kwanaki.

Abin da ya fi taɓa ni cikin ayyukanta na farko shi ne littafin Issaka Dankoussou na 1970, kan tarihin Katsinawa bayan jihadi. Sarakunan Haɓe da suka bar Katsina suka kafa Maraɗi ba su da rubutattun littattafai irin na malaman Sakkwato. Zuriyarsu ce ta riƙe labarin a ka, kuma da wannan aiki aka ji yadda al'amarin ya kasance daga bakin waɗanda aka kora.

Daga baya cibiyar ta sa hannu a taron maroƙan Mande da aka yi a Kankan ta ƙasar Gini a 1998, inda aka tattaro dokokin Kurukan Fuga na zamanin Sunjata.

Damuwar yanzu ta zaren kaset ɗin ce kansa. Zafi da ƙura suna cinye shi, na'urorin da ke karanta shi kuma sun yi wuya. Duk kaset ɗin da ba a kwafe zuwa kwamfuta ba yana cikin haɗari, kuma yawancin masu muryoyin sun riga mu gidan gaskiya.