Rediyon Wane Ne? Ƙudurin Adegbenro na 1954 da Abin da Ya Biyo Baya

'Yan uwa marubuta, da yawa daga cikinmu mun fara jin daɗin labari ne ta akwatin rediyo tun kafin mu riƙe littafi a hannu. A ƙauyuka irin namu na Fammar da sauran ƙasar Rano da Kibiya, inda jarida ba ta zuwa sai wani ya dawo daga birni, shirye-shiryen Rediyon Kaduna irin su Shafa Labari Shuni da Jakar Magori su ne makarantar dare ta jama'a. Amma ba kasafai muke tambayar kanmu wa ya mallaki wannan murya ba, kuma wa ya yanke hukuncin wanda zai yi magana a cikinta da wanda za a hana. An taɓa kai wannan tambaya gaban Majalisar Wakilai a Ikko, kuma wanda ya kai ta ɗan majalisa ne da ba a cika ambatonsa a Arewa ba, wato Alhaji Dauda Soroye Adegbenro, mutumin Abeokuta, ɗan jam'iyyar AG.

Kafin a gane muhimmancin abin da ya yi, sai an san yadda rediyo take a wancan zamani. Ta gwamnatin Turawa ce tsantsa. A Kano an buɗe rediyo mai waya a 1944, ana jan waya daga tasha zuwa akwatunan da aka kafa a gidajen masu biyan kuɗi da wuraren taruwar jama'a. Wanda ya riƙe tashar a farkonta shi ne Malam Bello Dandago, wanda shi da Malam Isa Kaita suka yi aikin karanta labaran yaƙin duniya na biyu da Hausa daga Ankara ta ƙasar Gwalkwas. Dukansu biyu daga baya sun shiga majalisa, Dandago a Ikko, Kaita a Kaduna. A 1951 aka haɗa tashoshin ƙasar a ƙarƙashin NBS, aka ɗauko Tom Chalmers daga BBC ya shugabance ta, amma duk da haka sashe ce ta gwamnati kamar sashen ayyuka ko na gona.

Rikicin ya taso ne a 1953. Ran 31 ga watan Maris Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956, Sardauna Ahmadu Bello ya nemi a cire shekarar a bar shi sai lokacin da ya dace, 'yan AG da NCNC suka fice daga zauren. Wannan ne ya kai ga tarzomar Kano ta watan Mayu. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, Gwamna Macpherson ya shiga rediyo ya soki matakin AG, da Cif Awolowo ya nemi a ba shi dama ya mayar da martani a wannan tasha, aka hana shi. Kuɗin harajin kowa ke tafiyar da tashar, amma baki ɗaya kaɗai ke da izinin magana.

To, a shekarar da ta biyo, 1954, Adegbenro ya miƙe a majalisa ya gabatar da ƙuduri cewa gwamnati ta kafa hukuma mai zaman kanta ta karɓi aikin NBS, domin a kawar da zargin da ake yi cewa tashar kakakin gwamnati ce. Ƙudurin gajere ne, majalisa kuma ta amince da shi. Daga nan aka yi dokar 1956, hukumar NBC ta fara aiki ran 1 ga Afrilu 1957, bisa tsarin BBC, da hukumar gudanarwa ta ƙasa da kuma ta kowace jiha. A ganina wannan yana cikin ayyuka mafi nagarta da wani ɗan hamayya ya yi a majalisar wancan zamani, domin bai nemi a ba jam'iyyarsa rediyo ba, cewa ya yi a cire ta daga hannun duk mai mulki. Kuma a lura, a lokacin kowa ya san Turawa sun kusa tafiya, wato dokar za ta ɗaure hannun 'yan ƙasa ne waɗanda za su gaje su.

Sai dai kash, a cikin wannan shekara ta 1954 aka buɗe wata ƙofa da ta rushe ginin tun bai bushe ba. Tsarin mulkin Lyttelton ya bai wa jihohi ikon kafa tashoshinsu. Jam'iyyar Adegbenro ce ta fara amfani da damar: Jihar Yamma ta buɗe talabijin a Badun ran 31 ga Oktoba 1959, Gabas ta bi a 1960, Arewa ta kafa kamfanin BCNN a Kaduna a 1962 tare da kamfanonin Granada da EMI na Ingila. Kowace tasha ta zama ta jam'iyyar da ke mulkin jiharta. Waɗanda suka yi kukan an hana su magana, da suka sami tasu, su ma ba su buɗe wa abokan hamayyarsu ba. Ita kanta NBC ba ta tsira ba, domin a 1961 majalisar 'yan ƙasa ta gyara dokar, ta bai wa Ministan Watsa Labarai, T.O.S. Benson a lokacin, ikon ba hukumar umarni. Shekara huɗu kacal 'yancin ya yi.

Nan ne lamarin ya taɓa adabinmu. Ba na musun alherin Rediyon Kaduna ga Hausa. Ita ta kai muryar Shata da wasan Samanja har inda mota ba ta zuwa, ta kuma daidaita kunnen Hausawa a kan Hausa guda. Amma ɗan NEPU ba shi da rabo a cikinta. Makaminsa shi ne lacca a dandali da rubutacciyar waƙa, irin ta su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja, wadda ake haddacewa ana yaɗawa baki da baki daga kasuwa zuwa kasuwa. Duk mai nazarin waƙoƙin siyasa na wancan zamani ya kamata ya riƙa tuna cewa zafin da ke cikinsu na mutanen da ba su da wata kafa ne.

Wani abin mamaki kuma, a 1967 Janar Gowon ya naɗa Malam Aminu Kano, wanda ya zauna a Majalisar Wakilai daga 1959 zuwa 1964, Kwamishinan Sadarwa na Tarayya. Sai dai sadarwar tasa ta gidan waya da tarho ce. Rediyo tana ƙarƙashin ma'aikatar watsa labarai, wadda aka ba Enahoro, mutumin da ƙudurinsa ya tayar da ƙurar tun farko.

Sojoji sun tattara komai: talabijin a ƙarƙashin NTA a 1977, Rediyon Kaduna a cikin FRCN a 1978. Da farar hula suka dawo, tsarin mulkin 1979 ya sake bai wa jihohi dama, Gwamna Abubakar Rimi na PRP ya ga NTA Kano tana hannun gwamnatin NPN, sai ya bi sawun Awolowo ya kafa CTV a 1982, wadda yanzu ake kira ARTV. Tashoshi masu zaman kansu kuwa ba daga zauren majalisa suka fito ba, doka ta 38 ta 1992 ta gwamnatin Janar Babangida ce ta halatta su, kuma sai a 2003 Kano ta sami Freedom Radio. Majalisar da wakilin Rano da Bunkure da Kibiya ke zaune a cikinta a Abuja ita ce magajiyar waccan ta Ikko, ita ke da ikon gyara dokar, amma har yau sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 cewa ya yi ba mai buɗe gidan rediyo ko talabijin, in ba gwamnati ba, sai da izinin Shugaban Ƙasa.