Jirgin Gwangwani da Tarihin Goronmu

Duk wanda ya shigo ofishin ƙungiya a Tafo cikin makon nan ya ga ɗan jirgin ƙasa a kan teburin taro. Wani maƙerin farin ƙarfe daga cikinmu ne ya ƙera shi da gwangwanin madara da waya, saboda bikin zagayowar shekara. Ya bi irin ma'aunin da masu wannan sana'a suke bi a Turai, ya rage komai sau 87. Dogon da Turawa suka shimfiɗa a Gana da Najeriya faɗinsa ƙafa uku da inci shida ne, don haka nasa ya fito milimita 12, bai kai faɗin ɗan yatsa ba. Yaranmu suna ta ɗaukar hoto, amma da muka tambaye su me ya haɗa mu da jirgi, sai suka yi shiru. Shi ya sa muka ɗauki alƙalami.

Kakanninmu ba ta Kumasi suka fara ba. Fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato sukan taso da jakuna a bayan madugu, su ƙetare Kwara wajen Yawuri, su ratsa Bargu, su sauka Salaga a ƙasar Gwanja. Can Tonawa suke kai goro, a ba su kanwa da tufafi da fata. Tafiyar watanni ce, ga kuɗin fito a kowane gari, ga 'yan fashi, ga goro da ba ya haƙuri, sai ana buɗe shi ana yayyafa ruwa ana tsince ruɓaɓɓe. Turawan Ingila suka ƙone Kumasi a 1874, ƙarfin Tonawa a kan Salaga ya karye, yaƙin basasa na 1892 kuma ya watsa kasuwar. Mutanenmu suka bazu Kete-Karachi da Kintampo, daga baya suka gangaro kurmi.

Ana cikin haka aka fara dogo daga Sekondi a 1898. Ya isa Tarkwa a 1901, Obuasi a 1902, Kumasi a 1903. Mu faɗi gaskiya, ba don goro aka yi shi ba, zinariya Turawa suke so. Amma tarago bai san mai kaya ba. Huhun goro ya hau jirgi zuwa Sekondi, ya shiga jirgin ruwa zuwa Ikko, da dogo ya isa Kano a 1911 kuma sai ya zarce gida. Abin da jaki yake yi cikin watanni ya koma makonni. Alhassan Ɗantata, mutumin Bebeji, yana cikin waɗanda suka fara gane hanyar teku tun yana fataucin goro a ƙasar nan, kafin ya koma Kano ya shahara da gyaɗa.

Dattawanmu har yau ba su daidaita a kan wannan ba. Wasu suna cewa jirgi ya kashe fatauci, madugu ya rasa aiki, zangunan hanya suka zama kufai. Haka ne. Mu dai a namu ganin, shi ne ya zaunar da mu. Farke da ba ya bin ayari dole ya nemi maigida da dillali a inda goro yake, ya yi aure, ya gina masallaci. Zangon Kumasi ya cika ne da irin waɗannan.

Layin Ankara ya haɗu da Kumasi a 1923, koko ne ya ja shi. A nan wasu suke ruɗewa: Tafon da ke kan wannan layi ta ƙasar Akim ce, ba tamu ba. Dogo bai taɓa wuce Kumasi zuwa arewa ba, shi ya sa mota ta gaje shi cikin sauƙi. Yau muna bin tirela ta Aflao da Seme, muna tsayawa a kowane shinge, 'yan tebur kuwa sun baza kaya a kan tsohon dogo kusa da Kejetia.

Wani dattijo ya duba jirgin gwangwanin ya ce bututun hayaƙi ya yi gajere, ba haka ya san shi ba yana yaro. Maƙerin ya yarda zai gyara. Waɗanda suka hau jirgin mai hayaƙi da ƙafarsu sun ragu ƙwarai a cikinmu, don haka muna roƙonsu su zo ofis ranar Asabar bayan La'asar. Mun tanadi littafi, za mu rubuta abin da suka gani.