Yadda Aka Auna Iyakar Nijar da Najeriya

Mai karatu, ka san in mutum biyu suka auna buhun hatsi ɗaya da tiya, da wuya lissafinsu ya zo daidai. Wani ya cika ta ta yi tozo, wani ya shafe bakin. Awon ƙasa ma haka yake, kuma ya taɓa shafar mutanen Gesheme.

Ran 14 ga watan Yuni na 1898, Faransa da Ingila suka sa hannu a wata takarda a birnin Pari. Suka ce iyakarsu za ta bi tsakiyar Dallol Mawri, wato kwarin nan da Gesheme take ciki. Daga nan sai ta yi zagaye. Kamar a kafa turke ne a tsakiyar Sakkwato, a ɗaura masa igiya mai tsawon kilomita 161, a kewaya da ita ta arewa.

To, ina ne tsakiyar dallol? Kai da kake noma a ciki ka san nan ya buɗe, can ya tsuke. Turken kuma fa? A lokacin Turawa ba su ci Sakkwato ba, sai a 1903. Taswirarsu ta dogara da labarin matafiya irin su Barth, Bajamushen da ya zo Sakkwato a 1853. Shi kuwa ƙiyasi ya yi, da duba inda ya dosa da ƙirga sa'o'in tafiya.

Da aka sauko daga takarda zuwa ƙasa, sai Faransawa suka ga ba a bar musu hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram ba. Aka sake shiri a 1904, aka kuma sake a 1906. Sa'an nan Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila suka fito awo da mutanensu, daga 1906 zuwa 1908.

Ga yadda masu awon wancan zamani suke gane inda gari yake. Kudu da arewa ba wuya: a auna tsayin tauraro a sama da dare. Gabas da yamma ne aiki. Rana takan kai tsaka a Sakkwato kamar minti biyar kafin ta kai a Gesheme. Da wannan bambancin lokaci ake lissafa nisa, don haka dole a yi tafiya da agogo mai kyau ƙwarai. Amma agogo ba ya son zafi, ba ya son girgizar tafiya. A ƙasarmu, in ya yi kuskuren sakan ɗaya tak, gari ya goce da kusan mita 450 a taswira. In minti ɗaya ne, kilomita 27 ke nan. Mita 450 kuwa ya isa ya raba mutum da gonarsa, ko ya kai rijiya ƙasar wani.

Shi ya sa ba su yarda da agogo ɗaya ba, ba su yarda da awo ɗaya ba. Sukan auna sau da yawa, su tara, su raba, su ɗauki matsakaici. Wannan yana rage kuskuren ido da na hannu. Amma in agogon ne yake latti, ko sau ɗari aka auna latti ɗin yana nan, sai an gwada shi da wani.

Daga kogin Kwara zuwa tabkin Cadi suka kafa alamomin iyaka 148. Aka sa hannu a aikin a Landan ran 19 ga Fabrairu na 1910. Iyaka ta matsa gabas, ta bar Gesheme da Dogon Dutsi a ɓangaren Faransa.